Ƙullin Gishiri

Tun jajiberin tafiya Gwamma ta kafa turmi.
Gero ta surfa, ta wanke, ta baza a faifai,
ta kirɓa shi da citta da kanumfari,
gumba ta fito dunƙule bakwai.
Ƙanzon jiya da na shekaranjiya
ta kankaro daga gindin tukunya,
ya sha rana a kan jinkar rumbu
har yana amsawa in an ƙwanƙwasa.

Ni Tanimu, shekarata goma sha huɗu,
idona na kan adakar Kawu Jatau.
Shi kuwa burgami ya miƙo mini.
Ya ce, "Daji ba ya ba baƙo abinci ranar da ya sauka.
Lissafa."
Na lissafa: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, daddawa biyar,
kuka a tsumma, tsamiya, yaji a tsohuwar kwalbar magani,
ashana a leda, ƙulli biyu,
da ƙyastu, don ashana 'yar birni ce, ba ta shiri da raɓa.
"Saura?"
Na ce babu saura.
Ya dube ni. Ya tafi ɗaure karnuka.

Da asuba muka bar Gwaram a baya, mu biyar.

Ba gajiya ke zaɓar makwanci ba.
Inuwa uku ya wuce, ƙafata na kuka.
Ta farko hanyar kwarkwasa ce.
Ta biyu busasshen reshe na rataye a sama kamar bashi.
Ta uku ta matse tafki:
"Ka kwana a bakin randar dabba, ka ce ta zo ta sha?"
Sai gindin wani marke, ƙasa mai tauri.
Ya ba ni reshen sabara, na share har na ga farin wuri,
don kunama ganye take aro ta yi bargo.
Ya watsa ƙasa sama, ya ga inda ta nufa,
can muka jera duwatsun murhu.
Ƙirare na kunnawa ne,
kututturen ƙirya shi ke kai wuta asuba.
Takalmi a kaɗe shi kafin a ba shi ƙafa.

Kwana biyu, ko jelar gafiya.
Ƙanzon da na raina a gida
na jiƙa shi da ruwan tsamiya, na suɗe ƙwarya.
Sallau yana ƙirga gumba da ido,
Barmo ya daina ba da labari.

Rana ta uku kare ya tayar da zomo daga geza,
kafin la'asar makwarwa biyu suka biyo.
Ni na fige, ni na babbake, ni na kaɗa kuka,
ƙamshi ya tashi har karnuka suka zauna kamar masu jiran shari'a.
Na sa hannu a burgami.
Na sake sawa.
Na juye shi a ƙasa.

Ba wanda ya zage ni. Da ma sun zaga.
Kawu ya zuba mini rabona, ya ce bismilla,
na haɗiye shi lami, loma bayan loma,
idanu huɗu-huɗu... a'a, takwas, suna raka hannuna.
Sai da na ga gindin akushi
ya cire hula, ya warware naɗinta,
ga ɗan ƙulli kamar ƙwallon aduwa.
Ya barbaɗa a tukunya. Suka ci.

Sauran naman muka shimfiɗa a ɗanyen kalgo,
hayaƙi ya kwana yana masa banda.
Da za mu tashi ya sa na binne wutar da ƙasa,
na dafa da bayan hannu
har sai da ta daina numfashi.

Yanzu gwiwa ta zaunar da Kawu a zaure,
adakar tana kafaɗata.
Jiya ɗan ƙanwata, Ilu, ya lissafa mini burgami,
da sauri, idonsa na wani wuri.
Na ce, "Saura?"
Ya ce babu saura.
Daga zaure na ji tari, irin wanda ba na mura ba.
Na taɓa naɗin hulata,
na tafi ɗaure karnuka.